Inna Mai Dashe da Fuskar Yayarta

Idan ka bi titin da ya ratsa ta bayan asibitin da nake aiki, kafin ka kai gada, za ka ga wata doguwar inuwa a hannun dama. A ƙarƙashin manyan itatuwan an jera baƙaƙen ledoji sahu-sahu kamar 'yan makaranta a filin taro, kowace leda da ɗan tsironta: mangwaro ɗan aure, gwaba, lemo, gwanda, da furannin da masu sabon gida ke saya su jera a ƙofa. Can tsakiya za ka hangi wata mata a duƙe, zani a ɗaure tamau, ƙafa cikin takalmin roba na maza, tana tura yatsa cikin ƙasar leda don ta ji ko da sauran danshi. Ita ce Inna Mai Dashe, ƙanwar mahaifiyata.

Na ce ƙanwa ne don haka suka tsara a tsakaninsu. Tagwaye ne. Ummata ce ta fara fitowa, kuma in ji kakarmu, tazarar ba ta wuce ungozoma ta goge hannu ta juyo ba. Amma a kan wannan 'yar tazarar Umma ta kafa girman da take ci har yau da suka haura sittin. Mutanen unguwa suna ce musu Babba da Ƙarama. Inna kuwa ba ta taɓa kiran Umma da wani suna ba sai Yaya.

Kamarsu kamar an tsaga kara. Tsawo ɗaya, hanci ɗaya, har 'yar wushiryar da ke haƙoransu na gaba iri ɗaya ce. Kakanmu kafinta ne, kuma an ce tun suna ƙanana ya daina wahalar da idonsa. In ɗaya ta shigo shagonsa sai ya jefa mata tambaya, ko wace iri. In amsa ta fito kafin ya rufe baki, Babba ce. In aka tsaya ana wasa da garin katako da yatsan ƙafa, Ƙarama ce.

Bambancin duk a baki yake. Umma in ta fara magana, gara a kashe rediyo, don ɓarnar batir ce kawai. Inna kuwa sai ku wuni tare ba ka ji komai daga gare ta ba sai "to" da "madalla". Marigayi mijinta, wanda muke kira Baba Mai Lambu, lokacin da yake nemanta ya taɓa zuwa gidan, aka turo masa Umma don tsokana. Ya zauna yana sauraro har rana ta yi sanyi, sannan ya gyara zama ya ce, "Na gode ƙwarai, Yaya. Yanzu a taimaka a turo mini tawa, kunnena ya cika."

Shi ya koya mata aikin dashe. Ma'aikacin lambun asibiti ne, da ya yi ritaya suka nemi izini suka fara jera ledoji a bakin titi. Manyan itatuwan da ke ba wurin inuwa yanzu, su biyu suka dasa su tun suna kamar sanda. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma gida, musamman da ɗanta tilo, wanda ke aikin jirgin ƙasa a wani gari mai nisa, ya ce ta huta haka nan. Ba ta yi musu da kowa ba. Bayan kwanakin zaman makoki aka wayi gari aka gan ta tana tura baro cike da taki. Takalmin roban da ke ƙafarta ma nasa ne, tana cusa tsumma a gaba don ya kama ta.

Tana cakuɗa ƙasa da yashi da taki da hannunta, ba ta yarda da shebur a wannan aikin ba. Tana aurar da mangwaro da wata 'yar wuƙa da ta sha wasawa har ta zama siririya kamar tsinke. In mai saye ya zo da mota ya ce a zuba masa goma, sai ta tambaye shi ina zai dasa, wa zai riƙa ba su ruwa. In ya fara in'ina sai ta ce ya ɗauki uku tukuna, in sun rayu ya dawo.

Duk abin da ya shafi ofis kuwa, Umma ce. Taron iyayen yara, bayanin ciwo a gaban likita, rigimar famfo da masu ruwa, Umma za ta ja ta su je, ta yi magana a madadinta, Inna tana gefe tana gyaɗa kai. Katin shaidar ɗan ƙasa ma da Inna take da shi, janta aka yi. Amma zaɓe ta ce ban da ita. Duk lokacin da ya zagayo, in muka ce, "Inna, ba za ki yi rajista ba?" sai ta ce, "Ai fuskata tana zuwa. Yaya za ta kai ta." A yi dariya a wuce.

Haka ake har zaɓen magajin gari na bara.

Cikin 'yan takarar akwai wani da ake kira Injiniya, wanda babban alƙawarinsa shi ne faɗaɗa wannan titin namu. Fastocinsa sun cika gari: ga shi yana murmushi, ga titi a bayansa shimfiɗe, baƙi wuluk, mota na wuce mota. Yaransa suka manna ɗaya a jikin tankin ruwan Inna. Ta ajiye butar ban-ruwa, ta tsaya ta ƙare wa hoton kallo. Ta gane gadar, ta gane katangar asibiti. Inda itatuwanta suke kuwa, fitilun titi aka zana.

Umma tana da kantin kayan masarufi a ƙarshen titin, inda ƙasa ta yi kwari. Da damina duk ruwan unguwa can yake sauka, ya zo da taɓo da robobi ya shige mata har ƙarƙashin kantar shagon. Ta sha asarar buhun sukari da kwalayen sabulu. Ranar da ta ji alƙawarin Injiniya, ta manna fastarsa biyu a ƙofa, kafin mako ya zagayo ta zama shugabar matan da ke mara masa baya a layinmu. Babbar abokiyar karawarsa wata tsohuwar shugabar makaranta ce da kowa ke ce wa Malama, wadda ta ce ita magudanar ruwa za ta gina, itace kuwa ba za a taɓa ko ɗaya ba. Umma ta ce in ba sabon titin ne ya cike kwarin ba, babu magudanar da za ta raba ta da taɓo.

Wata ranar hutu da rana muna zaune a tsakar gidan Umma, ina yanke mata farce, Inna tana tsince wake a tire, Umma ta ce, "Na riga na faɗa musu a taro, gidanmu kaf na Injiniya ne."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban da ni."

Na kusa yanke wa Umma yatsa.

"Me kika ce, Ƙarama?"

"Na ce ban da ni."

Umma ta dube ni kamar ni na yi maganar. Sannan ta kwashe da dariya. "To ai ke ko katin zaɓen ba ki da shi. Da me za ki ƙi shi? Da butar ban-ruwa?"

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. Washegari ina tashi daga aiki na tarar da ita zaune a dakalin ƙofar gidana, ta yi wanka, ta sa kayan fita, katin shaidarta a ƙulle a gefen mayafi.

"Nas," ta ce, don haka take kirana tun ranar da na fara sa fararen kaya, "an ce yanzu a waya ake yi. Ki yi mini."

Muka zauna a falo kusa da taga. Wayarta ba ta yi ba, don gilashin ya tsage, ƙasa ta cika tsagar har kana iya shuka a ciki. Na buɗe shafin hukumar zaɓe a tawa. Suna, ranar haihuwa, adireshi, duk muka wuce lafiya. Sai aka zo wurin da mutum zai tabbatar shi ne shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta lambar katin shaida, sannan mutum ya kalli kamara na'ura ta gwada fuskarsa.

Na rubuta lambar, na miƙa mata wayar. Wata da'ira ta fito, fuskarta a ciki.

"Cewa ya yi ki ƙifta ido."

"Wa?"

"Shafin."

Ta ƙifta.

"Ki juya kai hagu. A'a, ɗaya hagun. Yanzu ki yi murmushi."

"A kan me?"

"Inna, haka dai aka ce."

Ta yi wani murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a gidan surukai. Da'irar ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sai ga jan rubutu: akwai mai wannan fuska a cikin rajista, ba a yi wa mutum ɗaya sau biyu.

Na karanta mata. Ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da hanci, kamar za ta ga wanda ya rubuta a ciki.

"Ki faɗa masa ba haya na karɓo ta ba. Da ita aka haife ni."

Dariya ta hana ni magana. Muka sake gwadawa. Na ba ta wani ɗankwali nawa mai ruwan ɗorawa, aka ce akwai mai fuskar. Ta sa tabarau na karatu, aka ce a cire tabarau. Ta ɗaure fuska tamau, ta ce Yaya ba ta taɓa yin shiru ta ɗaure fuska haka ba, dole ya gane. Aka ce a yi murmushi. Maigidana ya shigo ya tarar da mu, ya ji abin da ake ciki, ya ce ai na'urar ba ta da laifi, shi ma har yau in ya shiga gidan surukarsa sai ya jira a yi magana kafin ya san gaisuwar da zai yi.

"To shi ke nan?" in ji Inna.

"Ba shi ke nan ba. Hanyar ba ɗaya ba ce. Mai fasfo ko lasisin tuƙi zai iya ɗaukar hotonsa ya tura."

"Ana ba da na tuƙin baro?"

"Akwai kuma zuwa ofis a dangwala yatsa. Sun ce zanen yatsa ko na tagwaye ba ya zuwa ɗaya."

Ta buɗe tafin hannunta ta kalli yatsun, duk sun yi kanta, ƙasa ta zauna daram a bakin farce. Na ga abin ya yi mata daɗi. "Ashe akwai abin da yake nawa ni kaɗai," ta ce. Amma da na shiga neman ranar zuwa ofishin, duk ranakun da suka rage sun faɗa bayan rufe rajista. Mutane sun riga sun cinye na kusa.

Saura hanya ta ƙarshe: a yi kiran bidiyo da jami'in hukumar, ya ga mutum ido da ido, ya yi masa tambayoyi. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an ƙara cewa wanda fuskarsa ta yi karo da ta wani a rajista, sai ya zo da wancan ɗin, a gan su tare, kowa da katinsa a hannu.

Na karanta mata a hankali. Ta ƙulle katinta a gefen mayafi, ta nemi takalminta.

"Gwabobin nan ba su sha ruwan yamma ba," ta ce, ta fita.

Da na kai wa Umma labari, sai da ta yi dariya har ta riƙe kanta, hawaye na zuba. Duk wanda ya shigo sayen ashana sai ya ji cewa gwamnati da kanta ta tabbatar fuskar tata ce, Ƙarama kwafi ce. Da ta gaji na ce, "To Umma, za ki je?"

"In tana so ta zo ta faɗa da bakinta. Ai ta nuna mana tana da shi."

Na koma wurin Inna, ta ce, "To." Na dawo wurin Umma, ta ce ita ba ta ga kowa ba. Na yi ta safa da marwa tsakanin gada da kwari har takalmina ya san hanya, ranar rufewa kuwa tana ta matsowa. A ƙarshe na ce musu ni ma'aikaciyar jinya ce ba ɗan aike ba, na zare hannuna.

Ina kantin wata safiya ina zaɓen sabulu sai ga inuwar mutum a ƙofa. Inna ce, da takalmin robanta, ta tsaya daidai tsakanin fastocin Injiniya guda biyu.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Yau masu itatuwa ne a garin namu?"

"Na zo aron fuskarki."

"Wadda ke jikinki fa?"

"Sun ce taki ce."

Umma ta danne dariya da ƙyar. Ta harɗe hannu a ƙirji. "Wato in rufe kanti, in bi ki, in taimaka ki samu katin da za ki kashe mini ƙuri'a da shi."

"Haka ne."

"Ko ɗan lallashi babu?"

Inna ta shigo ta zauna a kan kwalin madara. Ta daɗe tana kallon alamar da taɓon daminar da ta wuce ya bari a jikin bango, sannan ta yi maganar da ban taɓa jin ta yi mai tsawonta ba.

"Ban ce ba ki da gaskiya ba, Yaya. Taɓon nan da ni aka kwashe shi, na san nauyinsa. Tun muna yara, duk abin da kika faɗa shi ne a raina, shi ya sa ban ga amfanin maimaitawa ba. Ba tsoro ba ne, hutu ne. Wannan karon ne bai zo ɗaya ba. Itatuwan nan na san ranar da kowanne ya fara yi wa mutum inuwa. In na yi shiru aka ce gidanmu kaf, na yi ƙarya, ke ma na sa ki kin yi."

Umma ta ɗauki tsumma ta shiga goge kantar da ba ta da ko ƙura. Ta goge ta, ta sake gogewa.

"Yaushe ne kiran?"

"Nas za ta sa mana rana. Amma da sharaɗi."

"Ikon Allah! Mai aro ce da sharaɗi?"

"In an tambaye ni, ni zan amsa."

Umma ta buɗe baki, ta rufe. Ta dube ni. Na ce ni sabulu na zo saya.

Aka ba mu safiyar wata Talata. A wurin dashen muka yi, don can ne waya ta fi samun layi. Na kifa bokiti a kan tebur na jingina wayar, na jawo musu benci. Ba su haɗa baki ba, amma kowacce ta zo da shuɗin mayafi. Umma ta ce Inna ta canza, Inna ta ce ita ta riga zuwa.

Jami'ar wata matashiya ce mai abin sauraro a kunne, da gani ta gaji tun safiyar ba ta yi nisa ba. Ta yi sallama ba ta ɗago ba, tana danne-danne. Da ta ɗago sai ta ɗan matso, ta ƙwanƙwasa gilashin na'urarta da yatsa.

"Ku yi haƙuri, Mama, layin ne ba kyau, hoton ya rabu biyu. Bari in sake kira."

Umma ta cika baki da iska za ta yi bayani, Inna ta ɗora mata hannu a gwiwa.

"Bai rabu ba, 'yata," in ji Inna. "Haka muke."

Jami'ar ta sa ɗaya ta ɗaga hannu, ɗayar ta zauna yadda take. Da ta ga hannu ɗaya ne ya tashi, ta cire abin sauraron ta kira wata abokiyar aikinta ta zo ta gani. Suka leƙo su biyu suna ta salati. Sannan ta gyara zama ta koma aiki: kowacce ta ɗaga katinta kusa da fuska, jami'ar ta karanta lambobin, ta duba na Umma a rajista ta ce ya yi daidai.

"Yanzu mai neman rajista kawai nake so ta amsa. Sunanki cikakke, Mama?"

Inna ta faɗa, a hankali, kamar mai ɗauko kaya daga ƙasan akwati. Na waiwaya na ga leɓen Umma yana motsi tare da nata.

"Ranar haihuwa?"

Inna ta tsaya tunani. Umma ta fara jijjiga ƙafa har bencin yana rawa. Ta kama gefen mayafinta ta cusa a baki ta cije. Inna ta faɗi ranar daidai.

"Adireshi?"

Nan fa Inna ta fara kwatance: in ka wuce gada, ka bar mai faci a hagu, gidan da reshen lemo ya leƙo ta katanga. Umma ta rufe ido, gumi ya tsattsafo mata a goshi kamar mai zazzaɓi. Na tabbata lambar gidan tana kan harshenta tana ƙona ta. Jami'ar ta ce lamba take so, Inna ta juya katin ta karanta da kanta.

"Wannan da ke gefenki, mece ce ita a wurinki?"

"Yayata ce."

"Ke kuma, Mama, kin shaida wannan mutum ce daban, ba ke ba ce?"

Umma ta dubi Inna tana neman izini. Inna ta gyaɗa kai. Umma ta zare mayafin daga baki, ta ja dogon numfashi.

"Na shaida! Ni zan zaɓi wanda zai gyara titi, ita za ta zaɓi mai barin mu cikin taɓo, ta yaya za mu zama mutum ɗaya? Ki rubuta, ki ja layi a ƙasa. Ki kuma faɗa wa na'urar taku..."

"Mama, ba a faɗin wanda za a zaɓa a nan," in ji jami'ar, tana dariya har kafaɗunta na rawa. Ta danna wani abu ta ce an gama, saƙo zai shigo waya. Har za ta kashe sai ta rage murya. Ta ce ita ma tagwaye gare ta, mata, ko yaye su ba a yi ba, jiya ma ta yi wa ɗaya wanka sau biyu ɗayar tana kwance da dauɗarta. Ta tambaye su, ta wace hanya za ta riƙa gane su?

"Ki sa musu kaya iri ɗaya, su saba da juna," in ji Umma.

"Kada ki sa musu kaya iri ɗaya," in ji Inna, a lokaci guda.

Suka juya suka kalli juna. Jami'ar ta ce ta gode, ta fahimta sarai.

Saƙon ya shigo kafin azahar. Inna ta sa na karanta mata shi sau biyu, sannan ta kira ɗanta ta sa na karanta masa shi ma. Da katin ya fito ta saya masa 'yar jaka ta roba don kada ruwa ya taɓa shi.

Ranar zaɓe tare suka tafi, suna tafe suna gardama, wato Umma tana yi Inna tana cewa "a'a" a duk inda aka samu sarari. A makarantar firamaren unguwa aka yi. Umma ta shiga ta fito, Inna ta matsa gaban tebur. Malamin zaɓen ya ɗago ya ce, "Haba Mama, yanzu fa kika fita." Inna ta ajiye katinta, ta ɗaga masa babban yatsanta fes babu tawada. Ta taga kuma sai ga Umma ta zuro nata yatsan shuɗi tana kaɗa masa. Mutanen layi suka kwashe da dariya, malamin ya dafe kai ya ba da haƙuri. Inna ta daɗe a bayan labulen fiye da kowa. Da na tambaye ta daga baya me ya tsayar da ita, ta ce karanta sunayen duka ta yi, tunda an wahala an rubuta.

Washegari da la'asar muka taru a kantin Umma muna jiran sakamako a rediyo. Umma ta sayo lemon kwalba ta sa a firji don murna, ta ce ko wanda ya faɗi za a ba shi ya jiƙa maƙoshi. Mai sanarwa ya karanto ƙuri'un Injiniya, Umma ta yi guɗa. Ya karanto na Malama, sun ɗara na Injiniya kaɗan, Inna ta gyara zama tana murmushi, na gaske wannan karon. Sai ya karanto na wani Lauya, wanda a gidanmu ko sunansa ba a taɓa ambata ba, mai alƙawarin kwashe shara da gyara kasuwa. Ya ninka su duka.

Umma ta juya ta dubi rediyon.

"Wane ne kuma wannan?" in ji Umma.

"Na ga sunansa a takardar," in ji Inna. "Shi ne na ƙasa."

Umma ce ta fara dariya, Inna ta kama, har suka jingina da juna suna share ido. Umma ta ce da Ƙarama ta bi ta da ba a yi haka ba. Inna ta ce da Yaya ta bi ta da Malama ta ƙara ɗaya. Maigidana ya ce shi dai a buɗe lemon, don shi Lauyan ya zaɓa. Suka juyo kansa su biyu, sai da ya gudu waje da kwalbarsa a hannu.

Da rana ta kusa faɗuwa Inna ta miƙe ta ce akwai sabbin dashen lemon da ta aurar, ba su jure ƙishi. Umma ta leƙa titi ta ga babu mai saye, ta jawo ƙofar kanti ta datse. Na tsaya ina kallonsu suna hawa gangaren, Inna a gaba, Umma a baya ta tattare zani tana tsallake kwatami, tana faɗa wa duk wanda suka gamu da shi cewa ita fa rakiya kawai za ta yi, ba za ta ɗauki buta ba.